Fita rahoto da waya kaɗai a Zariya: me ya fi ba ku wuya?

Wakilin rediyo, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Shekarata tara ina aikin rediyo, na saba da rakoda da biro. Yanzu in aka tura ka labari ɗaya, ana son bidiyo, ana son hoto, ana son murya, ga rubutun da za a ɗora a Facebook. Makon jiya na je kasuwar Sabon Gari kan tsadar tumatir. Hoto ya fito tas, kwandunan jajir, amma da na dawo na saurara, muryar dillalin ta nutse cikin hon ɗin Keke Napep. Wuni guda ya tafi a banza. Ku da kuka riga ni, ya kuke yi?

Mai ɗaukar hoto, Kwangila:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya same ka ya same ni a Hawan Daushe. Na tsaya inda zan samu dawakai da kyau, ban lura kakaki da algaita na bayana ba, duk hirar da na yi ba a jin ko kalma. Tun daga nan ba na fita ba makirfon maƙalawa a kwala, kuma ina sa abin ji a kunne kafin in ce wa mutum bismillah. Lokacin hunturu, in iska na kaɗawa, ina sa wa makirfon ɗan soso. Ka ja mai maganar zuwa lungu ku yi hira, sannan ka dawo ka ɗauki hayaniyar kasuwar daban, kamar daƙiƙa 30, ka shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa wajen haɗawa. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, murya mara fita kuwa nan take yake wucewa.

Ɗalibar aikin jarida, ABU Samaru:
Ni tawa matsalar rubutun ƙasan bidiyo ce, don da yawa suna kallo ba sauti. Na haɗa rahoto a CapCut, manhajar haɗa bidiyo, kan masu noman rani a bakin kogin Galma, na zaɓi salon rubutu mai kyau, ashe bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai da ya hau intanet na ga akwatuna a gurbinsu. Ku gwada rubuta "ƙasa, ɗaki, ɓera" tun farko. Kuma in za ku tura wa edita ta WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse bidiyon ya dushe.

Tsohon ɗan jarida, cikin Birni:
'Ya'yana, a garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma abin da ya sa mutane suka riƙe ta shi ne da harshensu ta yi musu magana. Abin da ke damuna yanzu shi ne saurin ɗaga waya. Kwanaki na raka wani yaro gidan wata tsohuwa mai saƙar tabarma wajen Kofar Gayan, ko gaisuwa bai gama ba ya saita mata kyamara. Ta ja mayafi ta yi shiru. Na ce ya mayar aljihu. Muka zauna, aka kawo ruwa, muka yi mata bayanin inda hoton zai je, har jikokinta za su iya gani. Ta ce fuskarta dai a'a, amma a ɗauki hannunta. Hannun nan da kaba yana shiga yana fita, ga muryarta tana faɗin yadda ta koya wurin kakarta, shi ya zama rahoton gaba ɗaya.

Wakilin rediyo, Tudun Wada:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na gode muku duka. Jibi zan koma wurin dillalin da sassafe kafin kasuwa ta cika. Ƙanwata ta Samaru, a tsaye kike riƙe wayar ko a kwance? Edita na son a sa a TikTok da YouTube duka.

Ɗalibar aikin jarida, ABU Samaru:
Yaya, hirar ka ɗauka a kwance, ka sa dillalin a tsakiya don ta yanku zuwa tsaye saboda TikTok. Kwandunan kuma ka ɗauka sau biyu, a tsaye da a kwance.