Wane suna za mu ba 2½ da Hausa?

Malamar aji biyar, Unguwar Rogo, Jos:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman sunan Hausa na lambar nan da littafin lissafi ke kira mixed number, wato cikakkiyar lamba da guntun kashi a gefenta, kamar 2½ ko 1¾. Aikin gida na makon nan lissafin haɗa irinsu ne, iyaye kuma da Hausa suke taya yara. Na gwada "gaurayayyar lamba", ba ta karɓu ba. Yaro na jin gauraya sai ya cakuɗa komai. A ½ + ¾ ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya kawo mini 4/6, alhali 4/6 bai ma kai ¾ ɗin da ya fara da shi ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Tela, Terminus:
Wa alaikumus salam Malama. Mu kam a cikinsa muke wuni. A ce riga ta ci yadi biyu da rabi, wando yadi ɗaya da kwata uku. Cikakkun yadi uku ke nan, sai in ajiye su gefe. Yadi inci 36 ne, rabinsa 18, kwata uku 27. In an haɗa, 45. Yadi guda ya fita, saura inci 9, kwata ke nan. Yadi huɗu da kwata zan ce a sayo. Suna ne dai ba mu taɓa sa masa ba.

Malamin Islamiyya, Gangare:
Allah ya saka da alheri Malama. Gutsattsarin suna da sunayensu tun da daɗewa: sulusi (1/3), rubu'i (1/4), humusi (1/5), sudusi (1/6), sumuni (1/8), ushiri (1/10). Da wasunsu ake rabon gado, matar mamaci ta sami sumuni in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. Me zai hana a ce "lamba mai juzu'i", tunda juzu'i yanki ne na abu?

Malamar aji biyar:
Allah gafarta Malam, kalmar ta yi kyau, amma ajina aji ne na Jos. Akwai 'ya'yan Berom, Afizere da Anaguta, Hausarsu garau, sai dai ta kasuwa ce da layi, ba su taɓa jin juzu'i ba. Ina son wadda kowane yaro ya riga ya ji a bakin uwarsa.

Tsohon hedimasta, Titin Bauchi:
'Yata, kalmar tana bakinmu kullum. Muna cewa mutum ya shekara arba'in da ɗoriya, ko buhu goma da ɗoriya. Adadi tsayayye, da wani abu da aka ɗora masa wanda bai kai a kira shi cikakke ba. Ki ce "lamba mai ɗoriya". A 2½, 2 ita ce cikakkiya, ½ ɗoriya.

Malamin Islamiyya:
Baba, ai ɗoriya ba a faɗin yawanta. Lissafi kuwa ba ya son kintace.

Tsohon hedimasta:
Gaskiyarka Malam, a hira ba a faɗa. A aji malama ce za ta tambaya: ɗoriyar nawa ce? Yaro ya ce rabi. Kuma sunan da kansa yana nuna hanyar aiki. A 2½ + 1¾, a tara cikakku daban a sami 3, ɗoriya ma a tara ta daban. A daidaita na ƙasa, ½ ya koma 2/4, a haɗa da ¾ a sami 5/4. Ɗoriya ta cika ɗaya har ta yi rara, sai ɗayan ya koma cikin cikakku. 4¼, daidai da lissafin mai ɗinki.

Malamar aji biyar:
Na karɓa Baba, Allah ya ƙara girma. Ranar Litinin "lamba mai ɗoriya" zan rubuta a allo, ta Turancin a gefenta saboda jarrabawa. Saura 5/4 ɗin nan da na samansa ya fi na ƙasa. Ina tunanin "kashi mai rara". Wa ke da wadda ta fi ta?