Shirun da malami ke yi bayan ya jefa tambaya: wane suna za mu ba shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa malaman makaranta. Shekaranjiya na kawo cigiyar kalma a nan: abin da Turawa ke kira wait time a fannin koyarwa, me za mu ce masa da Hausa? Amsoshi sun zo da yawa, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya, ga kuma abin da ya kai ni can.

Ga wanda bai ga cigiyar ba, magana ce a kan ɗan shirun da ke tsakanin tambayar malami da abin da zai biyo baya. Wata masaniyar koyar da kimiyya 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ita ta fito da batun a 1972, bayan ta yi shekaru tana naɗar muryoyin malamai da ɗalibai a aji tana auna tsawon shirun. Ta gano yawancin malamai sakan 1 kacal suke bayarwa. In amsa ba ta zo ba, sai su maimaita tambayar, ko su koma kan wani yaro, ko su amsa da kansu. Da aka horar da su suka riƙa kaiwa sakan 3 ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, "ban sani ba" ta ragu, waɗanda ba a taɓa jin muryarsu ba suka fara magana, yara suka fara kawo hujja har suna yin nasu tambayoyin.

Akwai wani abu a bincikenta da ke damuna har yau. Ɗaliban da malami ke ganin masu ƙoƙari ne yakan ba su kusan sakan 2, waɗanda yake ganin ba sa ja kuwa ko sakan 1 ba sa samu cikakke. Wanda ya fi bukatar lokaci shi aka fi hanawa.

To, sunan. Mafi yawanku kun ce "lokacin jira". Fassara ce daidai, ba ta da laifi a kan takarda. Amma ku saurari yadda muke amfani da jira: jiran mota a tasha, jiran layi a asibiti, jiran albashi. Mai jira zaune yake hannu rabbana, hankalinsa na wani wuri. In na ce wa ɗalibin koyon malanta ya kiyaye lokacin jira, abin da zai yi shi ne ya tsaya yana kallon agogo. "Dako" ma haka, har ya fi nauyi, don akwai gajiya da ƙosawa a cikinsa.

"Jinkiri" ban daɗe a kansa ba. Kunnen Bahaushe yana jin laifi a cikinsa, kamar abin da ya kamata a yi da wuri ne aka yi sanya.

Wani malamin Islamiyya ya kawo "sakta", wato ɗan tsayawar da mai karatun Alƙur'ani ke yi ba tare da ya ja numfashi ba. Malam, Allah ya ƙara ilimi, ka burge ni. Sai dai sakta gajeriya ce ƙwarai, mu kuwa tsawaitawa muke nema, kuma gara a bar wa tajwidi kalmarsa.

Wata malama daga Maraɗi ta ce "lokacin tunani". Malama, ba ke kaɗai ba ce. Wani masani, Robert Stahl, ya kawo irin wannan gyara a Turancin kansa, ya ce sunan ya kamata ya nuna abin da ake yi a cikin shirun. Na yarda da hujjar. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne sunan yana faɗin aikin ɗalibi, alhali wanda muke son gyarawa malami ne. Yaro ba ya ƙin tunani. Mu ne muke katse shi.

Wadda ta kusa saye ni ita ce ta wata uwa da ta ce "turarawa": in an gama tuƙa tuwo ai ba a kwashewa nan take, rufewa ake yi a rage wuta a bar shi ya turara. Hajiya, wannan misali na riƙe shi, da shi zan riƙa yi wa sababbin malamai bayani. Amma a rubuce cikin littafin koyon malanta, mai karatu zai fara tuna turaren wuta kafin ya tuna aji.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, don daga nan kalmar ta fito.

Aji biyar na firamare, yara sun haura 70, wasu a benci wasu a ƙasa. Na rubuta 1/3 da 1/4 a allo na ce wanne ya fi girma. Kafin in ajiye alli 'yan gaba sun miƙe suna kaɗa yatsu, "Malam ni! Malam ni!" A da, da na nuna ɗaya, ya faɗa, in ce daidai ko kuskure, in tambaya "Kun gane?", aji ya ɗauka baki ɗaya "Eee!", mu wuce. Shekaru na yi a kan haka ina zaton koyarwa nake yi. Ran nan sai na ce kowa ya sauke hannu, na ƙirga biyar a zuci. Wallahi sakan biyar a gaban yara 70 doguwar tafiya ce. Na nuna wani yaro, ya ce 1/4, don 4 ta fi 3. Bakina ya buɗe zai ce a'a, na kama shi. Na dube shi kawai na gyaɗa kai alamar na ji, ban ce komai ba.

Can daga jikin taga wata yarinya da ban taɓa jin ta yi magana a aji ba ta ce a hankali, "Malam, amma in mu uku ne a kan burodi ɗaya mun fi samu, in ƙanina ya zo muka zama huɗu sai rabon ya ragu." Yaron ya juya ya dube ta. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Ashe na ukun ne." Ban koyar da komai ba a wannan minti, su suka warware abinsu. Da aka tashi, wani dattijon malami da ya leƙo ta ƙofa ya ce mini, "Ka ga amfanin saurara musu ke nan."

Saurara. Ku juya kalmar nan ku gani. In aka ce "saurara tukuna", dakatawa ce. In aka ce "saurara ka ji", kasa kunne ne. In aka ce "ka saurara wa yaron nan haka", ɗaga ƙafa ne, a daina matsa masa. Har ruwan sama in ya ɗan tsagaita mukan ce ya saurara. Abu ukun da ake so malami ya yi a cikin sakan ukun nan ke nan: ya tsayar da bakinsa, ya buɗe kunnensa, ya sassauta wa yaro. Kalmar Turancin ɗaya kawai ta ɗauko daga ciki.

Don haka ni na tsaya a kan saurarawa. Rowe ta raba abin gida biyu, kalmar kuma ta ɗauki rabon ba tare da wahala ba: saurarawar farko, bayan malami ya yi tambaya kafin ya nuna mai amsawa, saurarawa ta biyu, bayan ɗalibi ya yi shiru kafin malami ya tanka. Ta biyun ce ta ba yarinyar nan ƙofa, kuma ita ce muka fi takewa da "Madalla, zauna!"

Na san malaman Hausa za su ce akwai sauraro a cikin dabarun harshe, tare da magana da karatu da rubutu, kada a ruɗe. Gaskiya ne, dangi ne. Amma sauraro daban, saurarawa daban, kuma yaron firamare ma yana bambanta "ina sauraronka" da "na saurara maka".

Kuma ba kowace tambaya ke son ta ba. In 7 sau 8 kake bita, a tafi da sauri. Saurarawa ta tambayar "me ya sa?" ce, da "ta yaya ka samu?", da "wa ke da wata hanyar?" Mun ma san ta tun muna yara a dandali: mai kacici-kacici ba ya faɗin amsa don an yi shiru, sai kowa ya gwada ya gaza, an ba shi gari.

Ga yadda na rubuta ta a tsarin darasina na ranar Litinin: "Tambaya ta 2, saurarawar farko sakan 5, ba ɗaga hannu." Masu koyarwa a kwalejojin ilimi, ku gwada ta a bakin ɗalibanku na mako guda, ku dawo ku gaya mini ko ta zauna.