Boxing Day: Wane Suna Za Mu Ba Ta da Hausa?

1/ Jama'a, duk shekara idan gwamnatin Najeriya ta sanar da hutun 25 da 26 ga Disamba, da an zo kan Boxing Day, wato ranar 26, sai mai fassara ya tsaya cak. Wasu su bar ta da Turancinta. Bara kuwa ƙanena ya kafe kai da fata cewa "ranar dambe" ce, wai ai sunan ma ya nuna.

2/ Babu dambe a ciki, daga "box", wato akwati, sunan ya fito. A Ingila ta da, barorin gidajen masu hali suna wuni suna hidima ranar Kirsimeti. Washegari sai a sallame su su je ganin iyalansu, kowa da ɗan akwatinsa na kuɗi ko ragowar abinci. Masu kawo kaya gida da ƙananan masu sana'a su ma sukan zaga su karɓi nasu. Akwai kuma masu danganta sunan da akwatin sadakar coci da ake buɗewa ranar Waliyi Istifanus, wato 26 ga wata, a raba wa mabuƙata. Dokar 1871 ce ta mai da ranar hutun banki a Ingila, daga baya ta biyo Turawan mulki zuwa Najeriya da Gana. Nijar, da ta gaji tsarin Faransa, ba ta hutun.

3/ "Ranar akwati" fa? A'a. Bahaushe ya ji akwati, lefe zai fara zuwa masa a rai, ɗan siyasa kuma akwatin zaɓe.

4/ Wani ya ba ni shawarar "ranar tukuici". Ya kusa, amma tukuici ɗan aiken da ya kawo kyauta ake ba wa nan take. Wannan kuwa kyautar biki ce da babba yake ba na ƙasa da shi sau ɗaya a shekara.

5/ Ai muna da irinta: goron sallah. Maigida ya ba yaran shagonsa, ya ba mai gadi da mai kawo ruwa, kuma kowa ya san ba lallai goron ci ba ne. Shi ya sa ni dai na tsaya kan "Ranar Goron Kirsimeti". Ko wanda bai taɓa jin Turanci ba zai gane wa ke bayarwa, wa ke karɓa.

6/ Masu labarin wasanni, ku kam kun huta. Wasannin Firimiya na "washegarin Kirsimeti" ya wadatar, don babu wanda yake raba goro a filin ƙwallo.

7/ Sai white Christmas, kada a ce "farar Kirsimeti". Dusar ƙanƙara ake nufi, kuma a wajen hukumar yanayi ta Birtaniya ko ƙwaya ɗaya ta faɗo a ranar 25 ga wata, ta cika sharaɗi. "Kirsimeti mai dusar ƙanƙara" ya yi min tsawo. 'Yan uwa na Jos da Wusasa, me kuke cewa a gida?