Ɗana ya sa hoton Hitila a status, me zan ce masa?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ɗana ne ɗan shekara 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Ƙanwata ta kira ni ta ce in duba status ɗinsa na WhatsApp. Ina dubawa na ga hoton Hitila, shugaban Jamus ɗin nan da ya yi wa Yahudawa kisan kiyashi, a ƙasa ya rubuta wai da mutumin nan ya ƙarasa aikinsa da Gaza ta huta. Na ƙwace wayar na yi ta faɗa. Bai ɗaga murya ba, sai ya ce, "Umma, ke ba ki ga yaran da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin gini ba?" Wallahi sai bakina ya mutu, don ni ma na gani, na kuma yi kuka. Babansa ya ce yarinta ce, a ƙyale shi. Zuciyata ba ta yarda ba. Yaya zan nuna masa abin da ya rubuta ɓarna ne ba tare da ya ɗauka ban damu da Falasɗinawa ba?

Wata uwa daga Gusau: Ki riƙe wayar wata uku. Yaran yanzu sai da haka.

Malamin tarihi, Zariya: Hajiya, ƙwace waya ba ya cire magana daga kai, sai dai ya koya masa ɓoyewa. Ki zaunar da shi ki tambaye shi abu ɗaya: yaushe aka kafa Isra'ila? 1948. Yaushe Hitila ya mutu? 1945. To Yahudawa kusan miliyan 6 da gwamnatinsa ta hallaka, ciki da yara fiye da miliyan ɗaya, wane gida suka rusa a Gaza? Mafi yawansu mutanen Polan ne da Rasha da Hangari da maƙwabtansu, teloli da masu kanti da almajiran littafinsu, waɗanda ko hanyar Ƙudus ba su sani ba.

Kuma ƙiyayyar ba Hitila ya ƙirƙiro ta ba, gado ya tarar. Shekaru aru-aru ana wa'azi a majami'un Turai cewa Yahudawa kaf su ke ɗauke da jinin Annabi Isa a bisa aƙidarsu ta gicciye. A 1144 aka tsinci gawar wani yaro a garin Norwich na Ingila, aka ƙaga cewa Yahudawa suka kashe shi don tsafi, ƙaryar ta bi Turai gari-gari. A 1215 taron manyan cocin Katolika ya ce dole su riƙa sa tufafin da za a bambance su. A 1290 Ingila ta kore su gaba ɗaya. Da annoba ta ɓarke a 1348 aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi. Fafaroma Clement na shida da kansa ya fito ya ce ƙarya ne, ai su ma annobar tana kashe su, amma wa ya saurare shi? A Fabrairun 1349 aka ƙona ɗaruruwansu a Strasbourg, aka kuma soke basussukan da suke bin mutanen garin. Ki lura da wannan na ƙarshe, don a nan ake gane ba kishin addini kaɗai ba ne. An hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a a wurare da yawa, aka bar musu ba da rance, sannan aka dawo ana zaginsu da son kuɗi. Sai a 1965 cocin Katolika ta fito a hukumance ta janye zargin nan na jinin Annabi Isa daga kan Yahudawa a dunƙule.

Malamin Islamiyya, Kaduna: Allah ya saka wa malam. 'Yar'uwa, ki buɗe masa Ma'ida aya ta 8 ya karanta da bakinsa: kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Sai Nisa'i daga aya ta 105. Malaman tafsiri sun kawo cewa wani daga cikin mutanen Madina ya saci sulke ya jingina wa Bayahude, danginsa suka zo suna so Manzon Allah (SAW) ya kare shi, ayoyi suka sauka suka wanke Bayahuden. A Bukhari kuma, an wuce da gawa Annabi ya miƙe, aka ce ai ta Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ce? Yaron da aka tarbiyyantar a kan wannan ba shi da abin koyi a wurin mai ƙona jarirai.

Wani ɗan kasuwa, Kano: Ni fa duk wannan tarihin Turawa ne. Mu Musulmi ba mu taɓa zaluntar Bayahude ba. Da Sifaniya ta kore su a 1492 ina suka nufa? Ba Sarkin Musulmin Turkiyya Bayazid ne ya karɓe su ba?

Malamin tarihi, Zariya: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. Bayazid na biyu ya karɓe su, suka cika Salonika da Istanbul, kuma a tsawon ƙarnoni da dama zamansu a ƙasashen Musulmi ya fi na Turai sauƙi nesa ba kusa ba. Amma "ba mu taɓa" ɗin nan ne yaro mai intanet zai ƙaryata cikin minti biyu, daga nan ya daina yarda da komai muka ce. A 1066 an yi wa Yahudawan Garnaɗa ta Andalus kisan gilla. Daular Muwahhiduna ta tilasta musu musulunta ko gudu, dalilin da ya fitar da iyalan Musa ɗan Maimun, shahararren malamin Yahudawa, daga Ƙurɗuba ke nan, har ya ƙare a Masar yana likita a fadar Salahuddin. A Yunin 1941 an far musu a Bagadaza. Kai, ga na ƙofar gidanka ma. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, shi ne ya jagoranci rusa wurin ibadar Yahudawan Tamanɗiɗ a yankin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, wajen 1492. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, ya ce suna da alkawarin zimma, har aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis neman fatawa, su ma suka rabu biyu. Ina girmama ilimin Magili, amma a wannan mas'ala ina bayan alƙalin.

Wani ɗan kasuwa, Kano: Wannan kam sai na tambayi malamaina.

Tsohon ma'aikaci, Damagaram: 'Yata, ki tambayi jikana ko ya san yadda Hitila yake kallon mai irin fatarsa. A Yunin 1940, a ƙauyen Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus suka kama dakarun Faransa, suka ware Turawa gefe, suka kora baƙaƙen Afirka ta Yamma cikin fili suka buɗe musu wuta. Maƙabartarsu tana nan, an yi mata jan katanga irin ginin ƙasarmu. A 1937 kuma yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus an kama ɗaruruwansu an yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Ya shiga intanet ya ga hoton maƙabartar da idonsa.

Wata ɗaliba, Maiduguri: Ku yi haƙuri iyayena, amma ana ta tausayin Yahudawa an manta da waɗanda ake kashewa yau. Yaron nan zafin zuciya ne ya sa shi, kuma zafin yana kan gaskiya.

Ma'aikaciyar jinya, Jos: Ƙanwata, babu wanda ya ce zafin ba gaskiya ba ne, inda aka juya shi ne matsalar. Mu da muka zauna a Jos mun san abin da "su duka ɗaya ne" take haifarwa, mun ga wanda aka tare a hanya don sunansa kawai. A Oktoban 2023 Yahudawa ne suka cika babbar tashar jirgin ƙasa ta New York suna neman a tsagaita wuta a Gaza har 'yan sanda suka kwashe su. Su ma a ƙarasa su? Sannan kisan da Hitila ya yi yana cikin abin da ya tura dubban ɗaruruwa zuwa Falasɗinu, ya kuma sa manyan ƙasashe suka goyi bayan raba ƙasar a 1947, shekara guda bayan haka Falasɗinawa wajen 700,000 suka rasa gidajensu. Hitila bai yi wa Falasɗinawa alherin ƙwayar zarra ba.

Hajiya, ni shawarata ki mayar masa da wayar bayan kun yi maganar, amma ku zauna tare ki ga su wa yake bi a TikTok. Akwai wata takarda da ake yawo da ita wai asirin taron dattawan Yahudawa na mallake duniya. Ƙirƙirarriya ce, a Rasha ta fara fita a 1903, jaridar Times ta Landan ta tona a 1921 cewa an kwafo ta ne daga wani tsohon littafin Faransanci da ba ruwansa da Yahudawa. In kin gan ta a wayarsa, daga nan za ki fara. Ki kuma bar shi ya ci gaba da rubutu a kan Gaza, ya ambaci gwamnatin Isra'ila da sojojinta da abin da suka aikata, da suna da kwanan wata.

Wata uwa daga Gusau: To na rage, sati biyu. Amma babansa ya zauna a wurin, kada a bar wa uwa ita kaɗai.