"Yaƙi ɗan zamba ne": wa ake zambata?

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum jama'a. Jiya a rumfar mai shayi, daf da gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Njamena, gardama ta kaure tsakanina da wani direba. Ya sayar wa abokinsa babur mai matsalar inji, da aka yi masa magana sai ya ce ai yaƙi ɗan zamba ne. Na ce masa ba nan ne muhallinta ba. To amma da na koma gida sai na rasa me take nufi takamaimai. Manya, a warware mana.

Baba Kofur: Ɗana, direbanka macuci ne kawai, ya nemi rigar da zai sa wa cutarsa. Wannan magana ta fagen fama ce. Nufinta shi ne ƙarfi kaɗai ba ya cin yaƙi. Ka dubi 1987. Libiya na da tankoki da jirage, sojan Chadi kuwa a bayan Toyota suke. Kwamandan Chadi Hassan Djamous bai tsaya gaba da gaba da tanka ba, zagaye ya riƙa yi da gudu yana ɓullo musu ta inda ba su zata ba. Haka aka ƙwace garin Fada daga hannun Libiya a watan Janairu, sansanin Wadi Dum ya biyo baya a Maris. Zambar ke nan. Kwamandan da ya jera yaransa a gaban bakin bindiga don a ce masa jarumi, marayu kawai yake ƙara wa gari.

Hajiyar Garwa: Baba, ni kuwa ba haka na taso na ji ta ba. Kakata in ta faɗe ta, cewa take yaƙin da kansa shi ne mazambacin. Ya yi maka murmushi da safe, la'asar ya kwashe maka ƙafa.

Baba Kofur: Hajiya, wannan fassarar mata ce, masu jiran gawa a gida.

Hajiyar Garwa: To ai masu jiran gawar su suka fi sanin kuɗin abin. Ɗan Kusiri, garinku ma shaida ne. Ran 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabeh a nan, shi kuma Lamy, kwamandan Faransawan da suka ci yaƙin, bai kwana duniya ba. Ladarsa dai aka sa wa garin tsallaken kogi sunansa, shi ma a 1973 aka goge aka ce Njamena. Wa ya zambaci wani a nan?

Malam na Marwa: Ku yi haƙuri in sa baki. Akwai hadisi ingantacce da ke cewa yaƙi yaudara ne, kuma ina ganin can maganar ta samo tushe. Abin sha'awa, malamai sun kawo karatu fiye da ɗaya na kalmar Larabcin. A wani karatun, dabara ce ake yi wa abokin gaba. A wani kuma, yaƙin ne ke yaudarar masu yin sa. Ka ga Baba da Hajiya kowa na da madogara. Sai dai malaman sun gindaya sharaɗi: ba a warware alkawari ko amanar da aka bayar da sunan dabara.

Ɗan Kusiri: Allah ya gafarta Malam, to Marshal Idriss Déby, marigayi shugaban Chadi, fa? Wanne ya same shi?

Baba Kofur: Nan kam zan yi magana a hankali. Idriss Déby ba baƙon dabara ba ne, da ita ya shigo Njamena a Disamba 1990. A Fabrairu 2008 'yan tawaye suka kai har kusa da fadarsa, ya ƙi barin gari. A 2020, bayan Boko Haram ta kashe sojoji kusan 100 a Bohoma da ke yankin Tafkin Chadi, da ƙafarsa ya tafi bakin tafkin. Soja in ya waiga ya ga babbansa na shaƙar ƙurar da yake shaƙa, wallahi ba ya gudu. Mu da muka sa kaki mun san wannan. Wanda ke aiko umarni daga ɗaki mai sanyi, ana sara masa, amma ba a mutuwa dominsa.

Hajiyar Garwa: Sai ga Afrilu 2021. An sanar ya ci zaɓe karo na 6, washegari aka sanar ya rasu sakamakon raunin da ya samu a fagen daga a yankin Kanem. Shekara 30 yana zuwa yana dawowa, har ya ɗauka shi da yaƙi aminai ne. Ni abin da ke damuna, shugaban ƙasa ba kofur ba ne, Baba, ka yafe ni. In kofur ya faɗi, gida ɗaya ke makoki. Shi da ya faɗi, an wayi gari an jingine tsarin mulki, an rusa majalisa, sojoji sun ɗora ɗansa mai shekara 37.

Baba Kofur: Na yafe. Amma ɗan ma da aka kai hari sansanin soja na Barkaram a Tafkin Chadi a Oktoba 2024, can ya nufa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Malam na Marwa: Wannan kuma wata karin maganar ce, kada mu buɗe ta yau, dare zai yi mana.

Ɗan Kusiri: To ni dai gobe zan koma wa direban nan da maganar alkawari da amana. Baba Kofur, in ya taso mini da faɗa, kana kusa?

Baba Kofur: Gwiwa ta ƙi, ɗana. Ka je da mai babur ɗin, ku ɓullo masa ta bayan rumfa.