Tulou na Hakka: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Mai fassara: Jama'a, ina neman sunan Hausa na gidajen nan na 'yan Hakka, wani reshe na Sinawa, da ke lardin Fujian a ƙasar Sin, waɗanda ake kira tulou. UNESCO ta sa 46 daga cikinsu a jerin kayan tarihi a 2008. In muka rubuta sunan yadda ake furta shi, mai karatu zai zaci tulun ruwa ne.

Magini: Malam, a duba aikin tukuna. Ba tubali ake jerawa ba. Alluna biyu ake kafawa, a zuba ƙasa mai ɗan danshi haɗe da yashi da farar ƙasa, a kirɓe ta, a shimfiɗa tsagin gora, sannan a ɗaga allunan a ci gaba. Kaurin gindin bango ya kan kusa mita 2, bisa harsashin dutse, rufi kuma ya zarce waje sosai don kada ruwan sama ya ci bangon. In ƙasar ta jiƙe da yawa, tsagewa take yi wajen bushewa. Ni na ce "benen daɓe".

Malamar Hausa: Daɓe na ƙasan ɗaki ne, ranka ya daɗe. Abin da baƙo ke fara gani tsaro ne: galibi ƙofa ɗaya mai sulken ƙarfe, hawa biyu na ƙasa ba taga ta waje, rijiya a tsakar gida. "Gidan ganuwa" ya fi.

Mai zanen gini: Malama, ganuwa gari take kewayewa, gidaje na ciki daban. Nan bangon shi ne gidan. Kowane iyali na da rabonsa a tsaye: ƙasa madafa, hawa na biyu ma'ajiyar hatsi, sama ɗakunan kwana. Zuri'a ɗaya ce, ɗakin girmama kakanni na tsakiya. Wani tulou mai suna Chengqi, da aka kammala a 1709, zoben gini huɗu ne, wani cikin wani, ɗakuna wajen 400. A ce "benen gandu". Kada a sa "zagayayye", don ba duka ne zagayayyu ba: a rukunin tulou na Tianluokeng na tsakiyar mai kusurwa huɗu ne.

Malamar Hausa: Gandu tukunya ɗaya ce, su kuwa kowa da murhunsa. Amma na yarda, ya fi nawa kama zuri'a.

Mai fassara: To, benen gandu, da tulou a ambaton farko. Zan ƙara wa mai ziyara cewa har yau da mutane a ciki, kada ya hau sama sai da izini.