Wai har yau matan Mormon na zama da kishiya?

Maman Ilham: Jama'a, ku raba ni gardama da maigidana. Ya dage wai 'yan Mormon, mabiya wani coci na Amurka, har gobe tara mata suke yi, kuma matansu ba su san kishi ba. Na ce ban yarda ba.

Malam Sani: Maman Ilham, labarin maigidan naki ya kwana biyu. Tun 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya ba da sanarwar dainawa, a 1904 kuma aka ƙara tsaurarawa. Yau duk wanda ya yi mata biyu korarsa cocin yake yi. Masu dogayen rigunan nan da ake nunawa a talabijin 'yan ɓalle ne, irin mabiyan Warren Jeffs, wanda kotun Texas ta yi wa ɗaurin rai da rai a 2011 kan lalata da ƙananan yara.

Anti Rabi: Sun daina ko dai an sa su sun daina, Malam? An yi ta ɗaure mazajensu, dokar gwamnatin Amurka ta 1887 ta ƙwace dukiyar cocin, ta kuma karɓe wa matan Utah, yankin da 'yan Mormon suka fi yawa, 'yancin jefa ƙuri'a da suke da shi tun 1870. Sai da suka sauko sannan Utah ta zama jiha a 1896.

Malam Sani: Su wahayi suka ce. Ko ma dai mene ne, yanzu babu.

Anti Rabi: A duniya ne babu. Akwai auren da suke ɗaurawa a haikalinsu, wanda suka yi imani ko mutuwa ba ta raba shi. Namijin da matarsa ta rasu yana iya ɗaura irinsa da wata, duka biyun nasa ne a can. Mace kuwa, muddin tana raye, ba a ɗaura mata na biyu sai an warware na farko. Russell Nelson, wanda ya shugabanci cocin daga 2018 har rasuwarsa a 2025, matarsa Dantzel ta rasu a 2005, ya auri Wendy a 2006, kuma irin wannan auren ne duka. Ku duba mana: mace na zaune ita kaɗai a ɗakinta, amma ta san in ta riga shi tafiya, tana iya tashi da abokiyar zama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar mai imani.

Binta: Anti, amma fa maigidan bai faɗi ƙasa warwas ba. A 1870 dubban matansu sun yi gangami a birnin Salt Lake na Utah suna kare auren mace fiye da ɗaya, da bakinsu.

Anti Rabi: Karewa a bainar jama'a daban, abin da ke cikin ɗaki daban, Binta. Emma, uwargidan Joseph Smith da ya kafa addinin a 1830, ita ce shugabar farko ta ƙungiyar matansu a 1842, kuma ta yi ta rigima da shi kan matan da ya ƙara. Da aka kashe shi a 1844, ƙin bin sabon shugabansu Brigham Young zuwa Utah ta yi, ta yi zamanta a Nauvoo, garin da suke zaune a lokacin.

Malam Sani: To ai kun bar tambayar. Cewa aka yi "har yau".

Maman Ilham: Bar su, Malam, na samu abin da nake nema. Ni yanzu ma na gano inda maigidan ya dosa da wannan hira tasa. Bari ya dawo daga masallaci.